Yadda za ki shigar da baƙon kayan lambu cikin tukunyarki, daga safu har ndole

Duk wadda ke cefane a babbar kasuwar Garwa ko a Ngaundere, a arewacin Kamaru, ta san layin nan na matan kudu, inda ake jibge kayan da ba mu tashi da su ba. Ga wasu 'ya'yan itace masu shuɗi mai duhu an kasa su kashi-kashi, ga saiwa mai gashi-gashi da za ki rantse gwaza ce, ga ganye an yanka shi siriri-siriri, ga wani kuma an dunƙule shi kore shar a cikin roba. Yawancinmu wucewa muke yi, mu sayi tumatir da albasa da kuɓewa mu kama hanyar gida. Tsoron asarar kuɗin cefane ne ke hana mu, da tsoron a sha wahalar girki maigida ya kai loma ɗaya ya ture kwano.

Kayan nan daga nesa suke. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Yawunde a Ngaundere yake tsayawa, tun da layin ya iso can a 1974 bai ƙara gaba ba. Daga nan manyan motoci ke gangarowa da kaya ta tsaunin Mbe zuwa Garwa, su wuce Marwa, wasu har Kuseri, su haye gadar Ngeli su sauke a kasuwar Dembe ta Njamena. Filanten, wato agada, daga yankin Mungo, avoka daga Mbuda, kayan lambu daga Fumbot. Abin da ya girma a ƙasar ruwa ne ya faɗo cikin zafin da kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Shi ya sa in matar Bafusam ta ce miki abu yana yin mako a ajiye, ki ɗauka a nan kwana biyu ne ko uku.

Dabarar da nake bi guda ɗaya ce: kusan kowane baƙon abu yana da ɗan'uwa a cikin abin da muka saba dafawa. In kin gano ɗan'uwan, kin san hanyar da za ki bi da shi. Abin da ya rage shi ne ki san inda suka rabu, don a nan ne girki ke lalacewa.

Tun daga gaban mai kaya

Ki je da hantsi, bayan an gama rububin sauke kaya, lokacin da mai kaya ta zauna tana da sararin magana. Ki gaishe ta yadda ya kamata, "Mama, ina kwana, ya kasuwa?", da Fulatanci ko Faransanci, wanda bakinki ya fi iyawa. In duka biyun suna ba ki wuya, ki tafi da 'yarki 'yar makaranta. Matan nan abin da suke sayarwa shi suke ci a gidajensu, kuma ba sa rowar bayani ga wadda ta nuna da saye ta zo.

Abu uku za ki tambaya. Ɗanye ake cinsa ko sai an dafa? Me ake zubarwa a jikinsa, ɓawo ne, ƙwallo ne, ko ruwan tafasar farko? Da me ake cinsa? Ta biyun ce ake yawan mantawa, kuma ita ce mai haɗari, domin mai kaya tun tana yarinya take ganin ana zubar da ruwan farko, ba zai faɗo mata a rai cewa akwai wadda ba ta sani ba. Daga nan ki tambayi ranar da mota ta sauke, ki gaya mata ranar da za ki dafa, ki bar ta ta zaɓar miki. Na yau daban ne, na jibi daban.

Kashi ɗaya ya isa, mafi ƙanƙanta. Kuma baƙo ɗaya a cefane ɗaya, don in kika kwaso uku girkin ya ƙi, ba za ki san mai laifin ba. Kada ki sa gwaji ranar da surukai za su zo, ko a buɗa-bakin azumi, lokacin da kowa ya ƙagu kuma ba mai haƙurin ɗanɗana sabon abu.

Kafin ki bar wurin ki riƙe abin a hannu, ki shinshina, ki nemo danginsa. Safu ɗan'uwan atili ne, har a wajen masana tsirrai gida ɗaya suke. Makabo na gidan su gwaza ne. Ganyen miyar ndole shuwaka ce. Korosol da gwandar daji dangi ne, shushu kuma na wajen kabewa da gurji. Puwaro ɗan'uwan albasa ne, aikin lawashi yake yi. Folon da kelen-kelen ba baƙi ba ne ma, alayyahu ne da lalo.

Ƙaramar tukunya ta gwaji

Da kin shiga gida ki fitar da komai daga leda nan take, don leda a zafin nan dafa kaya take yi tun ba su ga wuta ba. Ki baza su a faifai ko kwando, a inuwa, inda iska ke wucewa. Abin da za a ci ɗanye ki wanke shi da ɓawonsa kafin wuƙa ta taɓa shi, saboda wuƙa ce ke kai dattin waje zuwa ciki. Da damina, lokacin da kwalara kan ɓulla a yankunanmu, ki fi karkata ga abin da ake ɓarewa ko ake dafawa.

Sai gwaji. Ki yanki kaɗan ki sa a ƙaramar tukunya da ruwa da gishiri kawai, ba magi, ba attaruhu, ba daddawa. Ki duba agogo, ki riƙa soka wuƙa har ta shige ba gardama. Mintocin da ya ɗauka su ne za su gaya miki ko tare da nama zai shiga babbar tukunya ko sai an kusa saukewa. Sannan ki ɗanɗana. In ɗaci ne, maganinsa a tafasa a zubar da ruwa, ko a haɗa shi da gyaɗa. In maƙaƙi kika ji a maƙogwaro, bai dahu ba, ki tofar ki mayar da shi wuta. In yauƙi ya yi, miyar tuwo ce ta samu, hanyar kuɓewa da karkashi za ki bi. In lami ne, to mai shan romo ne, yana neman albasa da kifi banda. In da tsami, ki tuna yadda kike yi da yakuwa.

Wannan gwajin na abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan abinci ne kaɗai. Ɗan itacen da yara suka tsinko a daji, ko naman kazar da ya fito bayan ruwa, in babu babban da ya san shi yake kuma cinsa, zubarwa ake yi. Saiwa da ganye ba a ɗanɗana su ɗanye. Rogo ma, da muke ganin mun sani, iri biyu ne: mai zaƙi da muke dafawa mu ci da ƙuli, da mai ɗaci wanda mutanen kudu ke jiƙawa kwana 3 zuwa 4 kafin su yi bobolo da miyondo da shi, wato curin rogon da ake naɗewa a ganye a dafa. Mai ɗacin yana da guba mai ƙarfi, dangin sayanayid, wadda jiƙon ke fitarwa, kuma ido ba ya rarrabe su da kyau. Ki tambaya kai tsaye ko na dafawa ne. Ƙananan yara kuma su ne na ƙarshe a layin ɗanɗano. Manya su fara ci, a kwana a tashi lafiya tukuna.

Ki fara da safu

In da abu ɗaya za ki fara, ki fara da safu, wanda 'yan kasuwa ke kira prun. Ba ya cin mai, ba ya cin itace da yawa, kuma in bai yi miki ba asarar kaɗan ce. Da damina yake zuwa, daga wajen Yuni zuwa Satumba, daidai da sabuwar masara. Ya kai tsawon ɗan yatsa ko ya fi, da ƙwallo ɗaya babba a ciki. Yana ɗanye ja-ja ne mai haske, in ya ƙosa sai ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi.

Ga inda sabuwar mai saye ke ruɗewa. A mangwaro da gwanda laushi muke nema, a safu kuwa tauri ake nema. Mai kyau tauri gare shi, fatarsa sumul tana sheƙi. Wanda ya yi laushi a kan tebur zafin hanya ne ya dafa shi, ya soma tsami, ki bar shi ko da an yi miki ragi. Mai sauran ja a gindi kuma bai ƙosa ba.

Laushin ke za ki sa masa, ta hanya biyu. Ta ruwa: ki tafasa ruwa, ki sauke daga wuta, ki zuba wankakken safu ki rufe. Bayan minti 3 ki ciro ɗaya ki danna da babban yatsa. In ya lotsa ya bar gurbin yatsan, ya yi, ki kwashe duka. In da saura ki ƙara minti 2. Kada ki bar shi a kan wuta yana tafasa, zai sha ruwa ya narke. Wadda ta iya jiƙa atili ta riga ta iya wannan, sai dai atili ruwan ɗumi yake so, safu kuwa yana ɗaukar mai zafi.

Ta garwashi ta fi daɗi a wurina. Ki bari gawayi ya ruru ya kwanta, ki ɗora wayar gashi, ki jera su kina juyawa. Za ki ga shuɗin ya kwashe, fatar ta kumbura ta ɗan tsage, mai yana tsattsafowa ta tsagar yana ɗiga kan wuta. Nan za ki sauke. Naman cikin kore-kore ne mai maiƙo da ɗan tsami. Da fatar ake ci, a barbaɗa gishiri, a yar da ƙwallon. Abokan cinsa gasasshiyar masara, dafaffen rogo, ko gasasshen filanten. Ni nakan dangwala da yajin ƙuli, kuma ban ga abin da ya fi dacewa da shi ba. Wanda ba ki gasa ba ki bar shi a baje, ki gama da shi cikin kwana biyu.

Avoka da korosol

Waɗannan ba sa ganin wuta. Avoka ba ta nuna a bishiya, sai an tsinke ta, don haka mai tauri ba ta da laifi. Ki ajiye ta kusa da nunanniyar ayaba, kullum ki riƙa gwadawa a tafin hannu, ba da kan yatsa ba, don yatsa na bar mata tabo baƙi. Ranar da ta ɗan lotsa, ranar za a ci. A tsaga ta tsaye, a cire ƙwallon, a kwashe da cokali, a shafa a burodi da gishiri ko a yanka cikin kwaɗon zogale. Ruwan lemun tsami na hana ta yin baƙi. In kika dafa ta, ɗaci za ta yi.

Korosol kore ne mai ƙayoyi masu laushi. In ya nuna kore ya ɗan dushe, jikinsa ya saki. Ki ɓare da hannu, ki zauna ki tsince baƙaƙen 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ko guda ya shiga bilanda, don suna da guba. Farin naman ki murje shi a rariya da ruwan sanyi, ki ƙara sukari kaɗan, ko ki dama da kindirmo. Za ki ji ana yaɗa cewa yana warkar da ciwon daji. Ki sha shi don daɗinsa, mai ciwo kuma ya ci gaba da ganin likitansa.

Makabo da filanten

Makabo daga nahiyar Amurka aka kawo shi tun da daɗewa, gwaza kuma daga Asiya, amma hali ɗaya gare su. Akwai fari, akwai mai ja-ja a ciki. Ki zaɓi mai nauyi da tauri, ki duba kai da gindi don nan ruɓa ke farawa. In kin ɗan kankare da farce kin ga ruwan ƙasa maimakon fari ko ja-ja, ki ajiye mata abinta.

Ƙaiƙayin da yake sawa daga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu tsini ne da ke cikin ruwan jikinsa. Ki shafa mai a hannu har wuyan hannu, ki fere shi a bushe, sannan ki zuba a matsami ki kwarara ruwa kina juyawa da ludayi. Kada ki sosa fuska sai kin wanke hannu da sabulu. Dahuwa ce ke kashe ƙaiƙayin, shi ya sa ba a yi wa makabo gaggawa: minti 25 zuwa 35 a tafasa, har ya soma tsagewa.

Hanya mafi sauƙi ta shigar da shi gida ita ce fate. Don makabo kilo 1, ki soya albasa 2 a manja rabin kofi, ki zuba jajjagen tumatir da attaruhu ki bari ruwan ya tsotse. Ki tsaida ruwa, ki sa daddawa da magi da gyararren kifi banda, irin na Lagdo in kin samu. In ya tafaso ki zuba makabon da kika yanka manya-manya, ruwan ya ɗan sha kansa. Ya fi doya saurin kaɗa romo, saboda haka ki ƙara ruwa fiye da yadda kika saba, kuma ki rage juyi, in ba haka ba sai ya dame. In ya yi laushi ki farfasa yanka biyu ko uku da bayan ludayi don romon ya haɗu, ki watsa alayyahu, ki rufe minti 5 ki sauke.

Filanten kowa ya san soyayyensa, abin da ba a cika sani ba shi ne kowane launi da aikinsa. Kore shar na dafawa ne a ci da miya, ko a yanka shi falle-falle a soya ya yi ƙaras. Rawaya mai ɗigon baƙi na suya ne da gashi. Wanda ya yi baƙi ya yi lugub bai lalace ba, a dame shi da gari a yi fanke. Koren ba ya ɓaruwa kamar ayaba: ki yanke kai da gindi, ki ja wuƙa a tsaye ta kan ƙashin bayansa ba tare da ta shiga naman ba, ki cusa babban yatsa ki ɗaga ɓawon. Ƙaronsa na baƙanta hannu, a tufa kuma ba ya fita, don haka ki shafa mai ki ɗaura tsohon zane. Minti 20 zuwa 25 ya ishe shi a ruwan gishiri. Kada ki sa kore a firji, sanyi na ɓata nunarsa.

Shushu ba shi da wani labari. A fere shi a cikin ruwa saboda danƙonsa, a yanka, a jefa cikin miyar dage-dage tare da karas. Puwaro sai an tsaga shi tsaye an wanke tsakanin ganyen, don yashi na ɓuya a nan. Ki niƙa shi da seleri da fasili da ɗoɗɗoya da tafarnuwa ki shafe karfasa kafin gashi, shi ne ƙamshin nan da kike ji a wurin masu gasa kifi da dare. Okok kuwa, siririn ganyen nan, ki ɗaga masa ƙafa sai kin saba da sauran. Ba shi da ɗan'uwa a gidanmu, tauri gare shi, kuma in kika bi da shi hanyar alayyahu tauna za a yi ta yi ba haɗiya. Shi sai kin zauna kusa da maƙwabciya 'yar kudu kin ga yadda take jiƙa shi da tsawon lokacin da take ba shi a wuta.

Ndole

Wannan miyar mutanen Duwala ce, ta bazu ta zama abin da ba a biki a Kamaru babu shi. Mu mun san shuwaka da gyaɗa tun kaka da kakanni, amma hanyar da suke bi daban ce, kuma ta cancanci a koye ta yadda take kafin a fara yi mata kwaskwarima.

Don mutum 6 ki tanadi wankakken ganye kamar rabin kilo, ɗanyar gyaɗa kofi 2, naman sa rabin kilo ko fiye, kifi banda, dakakken busasshen jatan lande da ake kira manjanga cokali 3, albasa 3, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta, attaruhu, magi, gishiri, da farin mai rabin kofi, na gyaɗa ko na auduga irin Diamaor. Ba tumatir, ba manja, ba daddawa. Hannunki zai kai ga daddawar da kansa, ki mayar da shi.

Ganye ne farko. In dunƙulallen nan na kasuwa kika saya, an riga an wanke, amma ki warware shi ki ɗauraye ki ɗanɗana. In ɗanye ne, ki tsinke shi daga kara, ki yanka, ki jefa a tafasasshen ruwa da 'yar ƙanƙanuwar kanwa, ki bar tukunyar a buɗe don koren ya tsaya. Kanwar in ta yi yawa narkar da ganyen take yi. Bayan minti 10 zuwa 15 ki tsame ki juye a ruwan sanyi, ki riƙa murzawa tsakanin tafukan hannu. Kumfa kore zai taso, ruwan ya yi duhu. Ki matse, ki sake ruwa, ki sake murzawa, sau 3 ko 4, kowane karo kina sa ɗan ganye a harshe. Inda za ki tsaya shi ne in ɗacin ya bar kan harshe ya koma can baya, kaɗan. In kika wanke shi har ya fita kaf, kin yi miyar ganye ce kawai. A kudu akwai wani iri mai sauƙin ɗaci da suke nomawa, ta gidajenmu ta fi shi ƙarfi, don haka tamu takan nemi ƙarin wanki.

Sai gyaɗa, kuma a nan ne sabo zai yaudare ki. Mu soyayyar gyaɗa muke markaɗawa, ndole kuwa ɗanya take so. Ki jiƙa ta a ruwan zafi minti 10, ki murje jan ɓawon ya taso sama ki tsiyaye, sannan ki tafasa farar gyaɗar minti 15. Ki markaɗa ta da albasa ɗaya da tafarnuwa da citta da attaruhu, da ruwa kaɗan, kaurinta ya zo kamar ƙullun ƙosai. Soyayya za ta ba ki miya mai duhu mai ƙamshin tunkuza wanda zai danne ganyen.

Tun kina wankin ganye naman na kan wuta da albasa ɗaya da gishiri. In ya yi laushi ki tabbata akwai romo kamar kofi 3, ki sa kifin, ki juye markaɗen gyaɗa, ki rage wuta. Daga nan ba tashi. Gyaɗa na kamawa a gindin tukunya cikin ƙiftawar ido, kuma in ta yi ƙauri ba gyara. Ki riƙa kai muciya har ƙasa, ki rufe rabi don tana fantsama. Cikin minti 15 zuwa 20 za ki ga farin ya koma ruwan madara mai duhu, gafin ɗanyar gyaɗa ya tafi, 'yan idanun mai sun fara fitowa a gefe. To, ta dahu.

Ki warware ganyen da hannu kina zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa, har kore da fari su haɗu ba wanda ya rinjayi wani. Ki sa manjanga da magi, ki ɗanɗana gishiri, ki ba ta minti 10. Ndole miya ce mai kauri wadda ke zama a ludayi. In ta tsinke, ki buɗe tukunya ruwan ya ƙone. Aikin ƙarshe shi ne ki yanka ragowar albasar zobe-zobe, ki soya a man har ta yi ja, ki juye duka da man da zafinsa a kan miyar. Juyi ɗaya, ki rufe ki sauke. A Duwala da ɗanyen jatan lande suke soya albasar, mu da ke nesa da teku manjanga ya wadatar.

Su da filanten da miyondo suke ci. A gidanmu tana tafiya da shinkafa, da tuwon shinkafa, har da na masara. Ranar farko kada ki ɗauke miyar da aka saba. Ki zuba ndolen a ƙaramin kwano a gefe, ba sanarwa, wanda ya ga dama ya kai hannu. Yara ki haɗa musu da soyayyen nunannen filanten, zaƙinsa na kashe ɗacin. Abin da ya rage ki ɗumama shi da dare ya tafasa sosai, da safe ma haka, don miyar gyaɗa ba ta jure zafin nan, kuma firji sai da wuta.

In mutanen gida suka karɓe ta, sayen ganye kullum zai fara yi miki nauyi. Shuwaka da reshe ake dasa ta. Da farkon damina ki roƙi reshen da ya ƙosa, mai kaurin yatsa, tsawon kamu biyu, ki soke rabinsa a ƙasa a karkace kusa da inda ruwan wanke-wanke ke bi, ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In ya kama ya yi tsawo ki riƙa datse kansa don ya yi rassa. Ganyen da ya yi yawa ki tafasa, ki wanke, ki matse, ki shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, ki zuba a gwangwani mai murfi. Da rani sai ki jiƙa shi a ruwan ɗumi rabin awa kafin ya shiga gyaɗa.